Ranar Da Na Kira Abokan Golmon Babana

Akwai wata ƙara da ƙullun waina yake yi idan ya sauka cikin tanda mai zafi, wani ɗan "cuu" gajere, kamar ana korar kaza daga shanya. Duk inda na ji ta sai na waiwaya, ko da a ƙoshe nake. Jiya da safe na ji ta a bakin tasha ina jiran mai babur, na yi tsaye da jaka a hannu har babura uku suka wuce ni. Wasu in sun ji wannan ƙara yawunsu ne yake tsinkewa. Ni gabana ne yake faɗuwa, kuma yau na ga dama in gaya maka dalili, mai karatu, tunda bakina bai taɓa iya riƙe magana ba sai wannan guda ɗaya.

A Zuru aka haife ni, ban kuma taɓa sha'awar barinta ba. Garin ya wuce ƙauye, bai kai birnin da mutum zai ɓata a ciki ba. In ka taso daga gindin dutse da ƙafa, kafin ka gama shan rake guda ka isa kasuwa, a hanya kuma sai ka gaisa da wanda ya san kakarka, ya san irin rashin jin da ubanka ya yi yana yaro. A layin da ke bayan tasha uwata take suyar waina. Ba wani layin a zo a gani ba ne, rumfunan kara ne da na tsohon kwano, amma babu abin da babu. Kusa da mu akwai mai ƙosai, wata Bakabiya da ba ta wuni ba ta yi faɗa da mutum uku ba. Gaba kaɗan mai tsire, wanda ba ya hura wuta sai la'asar. Sai wani mai zanen motoci da yake zana zaki a bayan gingimari, zakin ya fito da fuskar akuya, direbobi su karɓa suna murna. Can ƙarshe akwai mai gyaran rediyo da ya haɗa fanka da batirin babur, ranar zafi tsofaffi su jeru a gabanta suna gyara duniya da baki. Hausa ake yi a layin, amma da rai ya ɓaci kowa sai ya koma harshen uwarsa, mu mu koma C'lela.

Tandar da uwata take suya da ita ginin kakata ce, wadda ta haifi babana. Maginiya ce, gindin farcenta bai taɓa rabuwa da busasshen yumɓu ba. Tana gina tulu da tukunya da tanda don kasuwa, amma abin da ya sa ake shakkarta daban ne. A al'adarmu ta Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, idan babban manomi ko gwanin kokawa ko maharbi ya mutu, ana ɗora wa kabarinsa tukunya ta musamman, mai siffar mutum ko dabba, don mai wucewa ya san ba ƙaramin mutum ne kwance a nan ba. Ba kowace maginiya ke yin ta ba, gado ne, kuma a unguwarmu kakata kaɗai ta rage. Maza suna zuwa coci ran Lahadi da farar riga suna cewa sun bar abin da, amma bari su haɗu da ita a hanya, sai ka ga sun rusuna har ƙasa. Kowa yana son tukunyarsa, ko da fasto bai sani ba.

Sai kuma golmo, wanda in ban yi maka bayaninsa ba sauran labarin ba zai shige ka ba. A da, saurayinmu noma yake yi wa uban yarinya kafin a ba shi ita, damina bakwai cur. Ba shi kaɗai yake yi ba, da sa'o'insa suke haɗa ƙungiya, yau gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan. Wanda ya yi lalaci a kan kunya, abokansa ne ke zuba masa tsumagiya a gadon baya, surukin yana kallo. Babana ya cika nasa kafin ya shiga soja. Saboda haka abokan golmonsa suke cewa guminsu ne ya kawo uwata gidanmu. "Matarmu" suke kiranta, su zo rumfa su ci waina har da neman ƙari, ita kuma ta bi su da ludayi tana cewa gumin damina bakwai ai ya daɗe da bushewa. Kakata ta sha gaya mini, tana murza yumɓu, cewa namijin da ya wulaƙanta matar golmo ba gaban alƙali ake kai shi ba, wurin waɗanda suka yi gumin tare ake kai shi. Ita a hira ta faɗa. Ni kuwa na adana, don tun ina ƙarama ba na yar da magana.

Babana makanikin soja ne. Kafin a tura su yaƙi wata ƙasa ta bakin teku, mutum ne mai dariya, ɗan kokawa, yana ɗaga ni da hannu ɗaya har in taɓa jinkar ɗaki. Ya yi shekara uku ba mu gan shi ba. Wanda ya dawo mana da koriyar jaka kamanninsa ne, muryarsa ce, amma halin na wani ne. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Kwano ya faɗi sai ya zabura. Ya koyi zaman gidan burkutu tun da hantsi, in ya dawo kuwa kowa ya kama kansa. Da mari aka fara, aka koma bel, har aka kai ranar da ya buga kan uwata da bango don tuwo ya huce. Ina 'yar shekara goma na iya gane irin wunin da za mu yi daga jin takunsa a zaure. Uwata ta ja kallabi ta rufe kumburi ta tafi suya, 'yan layi su gani su kau da kai. A garin da kusan kowane gida ke da soja, an san abin da ba a tambaya. Na tsane shi, ba zan ɓoye maka ba, ina kuma kewarsa a lokaci guda, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Abin ya faru ne tsakiyar damina, dawa ta kai gwiwa, duwatsu sun yi kore shar. Tsohuwar tandar uwata ta tsage, kakata ta gina mata sabuwa. Yumɓu ba ya son gaggawa, balle a damina da itace ke jiƙe. Kakata ta ce tandar ba ta gasu har ciki ba, a ba ta kwana uku ta sake sa ta a wuta. Uwata ta ce masu cin waina ba su san kwana uku ba, gobe kasuwa. Ta ɗauka ta tafi da ita, ta ajiye a gefen rumfa, feshin ruwan daren ya jiƙa ta.

Da safe layi ya cika maƙil, mutanen Ribah da na Mahuta sun sauko da awaki da buhuna, hayaƙi da ƙamshin man gyaɗa sun rufe ko'ina. Sai ga babana, abin da bai saba ba, a natse, bai sha komai ba. Ya zauna a benci ya ce a ba shi waina. Ina tuna irin daɗin da na ji. Ni na zuba masa miyar taushe, har na tsamo masa tsoka ba da sanin uwata ba. Ita kuwa ta ƙara itace, ta zuba mai a gurabun tanda, ta bi su da ƙullu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kai gurbi na biyar ba tandar ta fashe. Tau! Sak harbin bindiga. Ɓaraguzai suka watsu, garwashi ya yi sama.

Kafin ƙarar ta mutu babana yana ƙarƙashin benci, rub da ciki cikin taɓo, hannuwansa a ƙeya, yana ihu da Turancin soja kowa ya kwanta. Miyar taushe ta kife masa a baya. Sai wani kwandasta ya tuntsire da dariya, kowa ya ɗauka, mai ƙosai har da riƙe ciki. Uwata ma ta yi dariya. Ba ta mugunta ba ce, irin wadda ke kuɓuce wa mutum ce in ya tsorata ya ga ba komai. Amma ita ya fara gani da ya ɗago kai.

Ya miƙe a hankali, ya zaro itace daga murhu da wutarsa. Na farko ya same ta a kafaɗa, kallabinta ya kama hayaƙi. Ta ɗaga hannu ta kare na biyu, na ji ƙashin ya karye, ƙara ce ƙarama kamar an taka busasshen kara. Ta faɗa kan murhu, mai mai zafi ya kwarare mata a ƙafa. Bai tsaya ba. Yana dukan idonsa a buɗe, amma ba mu yake gani ba. Na rataye a ƙafarsa, ya yi jifa da ni na bugi teburin mai tsire, haƙorina na gaba ya fita. Tasha cike da maza, direbobi, 'yan dako, ƙartin da ke saɓa buhu biyu, duk suka ja baya suna cewa oga a yi haƙuri. Da na ɗago, uwata ba ta motsi, jini yana bin kunnenta.

Tun da sassafe nake jiyo gangar noma daga gindin dutse, na kuma san gayya ce a gonar ɗaya daga abokan golmonsa. Na zuba da gudu. Na ratsa tasha, na bi bayan coci, na tsallake rafi ruwa har ƙugu, ƙaya tana shiga ƙafata ban ji ba. Na same su jere a kan kunya, ba riga, garma tana tashi tare tana sauka tare. Na tsaya a gaban babbansu, wani dogo mai tsage a kumatu, wanda ya fi kowa cin wainar uwata. Bakina cike da jini na ce:

"Baba ya kashe Mama."

Makaɗi ya ajiye ganga. Babu wanda ya tambaye ni komai. Su tara ne a ranar, suka saɓa garma suka nufi gari, ni ina biye a baya da 'yar ƙafata.

Ko da na iso layi sun riga sun kama shi. A benci suka tarar da shi zaune, hannuwansa a sake, itacen a ƙasa yana hayaƙi. Bai yi kokawa ba, shi da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Suka karɓi igiya wurin wani mai awaki suka ɗaure shi. Uwata kuwa mata sun riga sun ɗauke ta sun shigar da ita shagon mai rediyo, don haka abin da mazan suka gani jini ne da zanenta a ƙasa, wannan kuma ya ishe su. Suka tasa shi gaba suka fita gari.

Ni na leƙa shagon. Uwata tana jingine da bango, mai ƙosai tana zuba mata ruwa a kai, wata tana fasa ɗanyen ƙwai a ƙunar ƙafarta. Idonta biyu. Ta gan ni, ta kira sunana, ta ce in zo. Ban je ba. Na juya na bi bayan mazan, kuma daga nan laifin ya fara zama nawa.

Gonar kakana na wajen uwa suka kai shi, inda suka yi masa noman damina bakwai. Tsohon ya riga ya rasu, amma gonar tana nan da jar ƙasarta. Suka kwance shi, suka damƙa masa garma, wasu suka hau tsamiya suka yanko tsumagiya. Babbansu ya ce:

"Nan munka yi damina bakwai don ita. Kama kunya."

Ya kama. Wallahi noma ya yi, kunya miƙaƙƙiya kamar an ja zare, su kuma suna biye da shi hagu da dama suna zuba masa. Rigar ta yage, fata ta biyo baya. Jini yana gangarowa ta wandonsa yana ɗiga a kan dawar da yake gyarawa. Mutane suka taru a gefen gona, mata sun ɗora hannu a ka. A al'ada 'yan bulalu ne da kunyatarwa, sai a bar mutum ya koma gida da hankalinsa. Amma waɗannan sun ɗauka gawa ya bari a layi, don haka abin ya wuce horo. Da tsumagiya ta ƙare suka juya ƙotar garma. A kunya ta uku ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi. Wani ya sa masa ƙafa a fuska, leɓensa ya rabu biyu.

Ina tsaye a gindin ɗorawa, bai fi taku goma ba. Na san magana ɗaya daga bakina za ta tsayar da su. Maimakon haka kowane bugu ya sauka sai in ba shi gurbinsa a raina, wannan na bango ne, wannan na bel, wannan na haƙorina. Daɗi na ji. Na sha neman wata kalma mai sauƙi in sa a wurin, ban samu ba, daɗi na ji.

Sai ga kakata a guje, tsohuwar da ba ta saba ko sauri ba, ba kallabi, yumɓu har gwiwar hannu. Ta biyo ta shagon mai rediyo kafin ta zo. Tun daga nesa take cewa matar tana da rai, ta gan ta da idonta, an tafi da ita wurin mai ɗori. Babbansu ya ce uwa babu abin da ba za ta faɗa ba don ɗanta. Ya juyo wurina, gumi yana zuba daga gemunsa.

"Ke ɗiya, ke kika ce ta mutu. Mi kika gani?"

Ido duk ya dawo kaina. Na kalli bayan babana da ya koma kamar naman da aka yanyanka za a shanya, na tuna ƙarar hannun uwata, na yi shiru. Ba dogon shiru ba ne, bai fi a kurɓi ruwa a ajiye moɗa ba. Amma a wurinsu amsa ce. Wani gajere a cikinsu, wanda a da shi ne babban aminin babana, ya ɗaga garma da bayan ƙarfenta ya nufi kansa. Babana ya ɗora hannun dama ya kare, ƙarfen ya haɗa hannun da dutsen da ke gefen kunya. Sai a lokacin ya yi ƙara, tun da aka fara.

Kakata ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta. Ba ta roƙi kowa ba. Da C'lela ta yi maganar, tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya:

"Ku ƙarasa shi, ku haɗa da ni. In kun kashe ni babu mai gina muku tukunya. In kun kashe shi kun bar ni, ba zan gina ba. Ku kwanta ba alama, jikokinku su yi ta tambayar ciyawa inda anka sa ku."

Ka ga maza tara, manyan manoma, biyu a cikinsu dattawan coci, sun yi cirko-cirko. Garma ta fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Mutuwa ba ta ba su tsoro, an san su da haka, amma a binne su kamar ba su taɓa riƙe garma ba, wannan ba za su iya ɗauka ba. A nan ne bakina ya buɗe. Na ce tana da rai, har ta kira sunana. Babbansu ya zuba mini ido, da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Babana yana kwance, fuskarsa cikin taɓo, ba ya motsi, na ɗauka ya suma tuni. Waɗanda suka doke shi su suka saɓa shi a kafaɗa suka ruga da shi gari, gajeren yana kuka kamar yaro.

Gidan mai ɗori ɗaya aka kwantar da su, ita a ɗaki, shi a zaure. Mai ɗorin ya ce tun da ya gaji sana'ar bai taɓa karɓar miji da mata rana ɗaya ba sai in mota ce ta kife. Hannun uwata ya ɗoru, ƙunar ta bar mata tabo har idon sawu. Na babana kuwa yatsu uku suka nannaɗe suka zauna haka, aikin soja ya ƙare. Uwata ta tafi gidan yayanta har bayan girbi. Kakata ta bi ta biko tana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, uwata ta ce ai kuwa nata hannun aka karya, sai a bar ta ta ji da shi. Da ta ga dama ta dawo da ƙafarta, ta kuma kafa sharuɗɗanta a gaban mutum taran nan, suna zaune kansu a ƙasa.

Ba zan ce maka duka ne ya warkar da shi ba, don bai warke ba. Ya ci gaba da zabura, ya ci gaba da zama yana fuskantar ƙofa, burkutu ma sai da suka yi ta rabuwa suna komawa kafin su rabu. Amma bai sake ɗaga wa kowa hannu ba. Ya kafa rumfar walda a ƙarshen layi, ya koyi riƙe guduma da hagu. Abin da ya fara ƙerawa tanda ce ta ƙarfe, daga jikin wata tsohuwar gingimari, ya bubbuga mata gurabu goma sha biyu. Ya kawo ya ajiye a gaban uwata, ya ce wannan ba ta fashewa, ya juya. Kakata ta zagi tandar nan har ƙarshen ranta, ta ce wainarta warin mota take yi. Duk da haka kafin damina biyu layin gaba ɗaya ya koma ƙarfe, ana zuwa a babur daga Bena da Ribah ana sa a ƙera. Daga baya ya fito da wani murhu mai cin buntun shinkafa, mata suka huta da neman itace. Kakata ta ce sakayyarta ke nan, ta ceci ɗa ya tashi ya kashe mata kasuwa. Tukwanen kabari kam ta ci gaba da ginawa. Da gajeren nan ya rasu ta ce ba za ta yi masa ba, babana da kansa ya je ya durƙusa mata har ta yarda.

Ni da shi kuwa ba mu taɓa tayar da maganar ba. Na girma ina ajiye masa abinci ta hagu, ina kau da ido daga hannun nan. In an tambaye shi abin da ya same shi sai ya ce aikin gona ne. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina gaya wa kaina bai san wanda ya kira su ba, bai san an tambaye ni na yi shiru ba.

Yanzu in ka zo layin ba za ka gane shi ba. Fitilun sola sun jeru, 'yan mata suna suyar awara suna ɗaukar kansu a waya, mai shayi ya ƙara da taliyar leda da ƙwai. Shagon mai rediyo ya koma inda samari ke naɗar waƙa, rabi Hausa rabi C'lela. Jikan mai zanen motoci da kwamfuta yake zane, zakinsa ya fito zaki sosai, ni kuwa na fi son mai fuskar akuya. Baƙi suna cewa garin yana da daɗin zama, kuma gaskiya ne, har yanzu da ɗan abin da ke aljihunka za ka ci ka ƙoshi ka samu abokin hira. Sai dai garin ya kumbura da mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, mata da goyo suna soya ƙosai a inda da akwai fili. Yau in taya ta fashe a tasha rabin layi ne ke kwantawa, kuma babu mai yi wa wani dariya. Golmo ma yana ja da baya. Gonakin nesa sun zama abin tsoro, samari suna makaranta ko suna kan babur, sai a kawo akwati a ce an yi.

'Yata za ta yi aure bayan girbi. Yaron mai gyaran waya ne, mai ladabi, tafin hannunsa laushi kamar na jariri. Makon jiya na je rumfar walda in sanar da babana. Ya tsufa, yanzu zama yake a kujera yana nuna wa ma'aikatansa da baki. Ya saurare ni har na gama, ya tambaya ko yaron ya yi golmo, alhali ya san amsa. Na yi dariya na ce Baba wa yake wannan yanzu. Shi bai yi dariya ba. Ya ce:

"To, in ya ɗaga mata hannu, ina ɗiyarta za ta ruga? Ke kin samu inda kika je."

Na zauna a kan wani tsohon rim na mota. Na ce, "Baba, ka sani?"

"Kwance nike, ban kurumce ba." Ya juya hannun nan a kan gwiwarsa yana dubawa. "Har shirun na ji. Da ni ne ke, da ban buɗe baki ba sam."

Na yi kuka a tsakiyar tarkacen ƙarfe, mace mai shirin aurar da 'ya, ma'aikata suka kashe inji suka fita. Ya bar ni na yi mai isata. Da na share fuska sai ya maimaita tambayar, a nan na gane ba gori yake mini ba, amsa yake nema da gaske. Na ce akwai 'yan sanda, akwai fasto, ga waya a hannun kowa. Ya girgiza kai, ya ce shi waɗanda za su yar da aikinsu su taho a guje yake nufi.

Ba na yi wa kowa fatan abin da na gani a gonar nan. Waɗanda suka taho ba su yi tambaya ba saura ƙiris su kashe mini uba, da taimakona. Amma na kuma ga tasha cike da maza suna cewa oga a yi haƙuri, uwata tana ƙasa. Saura wata biyu biki, har yanzu ban koma masa da amsa ba.